Katifar Kare

Da na buɗe ƙofar motar ɗana, babu kujerar baya. Kujerar da na shekara goma sha ɗaya ina zama a kanta in za mu gangara coci! Ya cire ta, ya shimfiɗa katifa, ya ɗaure karensa mai girman maraƙi da bel a ƙirji. Wai ranar waliyyi San Roke ce, za a sa wa karnuka albarka a coci.

"Kai, mara kunya! Ni na haife ka ko shi?"

"Mama, in na taka birki ta gilashi zai fita. Zauna gaba mana."

"Gaba na matarka ne. Yau sai limamin coci ya ji ƙarata!"

Na tattare siket ɗina uku, na haye katifar don in takura wa karen. Ya ɗora kai a cinyata. Hanyar dutsen nan kullum sai ta bar ni da ciwon ƙugu har Laraba.

"Mama, tashi, mun iso."

Na miƙe garau, ƙugu shiru.

Ƙarar dai na kai. Na ce, "Shekara goma sha ɗaya yaron nan ya san da katifa a duniya, sai da kare ya zo!"