Wanda Ya Fita Shi Kaɗai

Marubuciyar tana gyaran babin da mai adda ya ritsa 'yan makaranta a cikin aji, saurayinta ya shigo ya tsaya, ya kasa haɗa ido da ita.

"Umma ta karanta littafinki. Wai ba za ta karɓi surukar da ke yanka 'ya'yan mutane a takarda ba. Ki jira ni, zan lallashe ta in dawo."

Ta ajiye jan bironta.

"Littafi bakwai na rubuta wa matasa. A cikinsu, duk wanda ya ce a jira shi, ya fita shi kaɗai, gawarsa ake tsinta."

Ta yafa mayafi, ta riga shi kaiwa ƙofa.

"Mu je. Ƙafata ƙafarka."