Allurar Gethin

Ma'aunin bai motsa ba. Gethin Pugh ya sauka, ya tuɓe safa, ya sake hawa, sai ka ce safar ce ke da nauyin. Ya ɗauki hoton ƙafafunsa da lambar, ya tura wa asibitin intanet kamar yadda ya saba duk ƙarshen wata.

Tun da hunturu likitan ƙashi ya gaya masa ba za a yi masa aikin gwiwa ba sai ya rage ƙiba. In kuwa ba a yi aikin ba, kamfanin bas zai sallame shi, don ƙafar da ke taka birki ta fara gardama. Layin masu neman rage ƙiba a asibitin gwamnati kuma, kafin ya zo kansa an daɗe da karɓe makullin motar. Shi ya sa ya koma wa masu rubuta allurar rage ƙiba ta waya. Ba su taɓa ganin fuskarsa ba. Hoton ma'auni kawai suke nema, sai ɗan aike ya kawo kwali mai sanyi, a saka a firiji kusa da man shanu.

Sai dai Gethin, duk girman nan nasa, tsoron allura yake yi. 'Yarsa Eluned, mai gyaran gashi a cikin gari, ita ke yi masa duk Lahadi a bayan dantse. Su biyu ne a gidan tun rasuwar uwarta.

"Rufe ido, Baba. Ƙato da kai, kana ɓari kamar ɗan yaye."

"Yi a hankali dai, 'yar nema. Kin gama?"

"Tuni ma."

"Kai! Hannun uwarki kika gado. Ko kaɗan ban ji ba."

Abokin aikinsa Idwal ma irin allurar yake yi. Shi har ya ƙara huda ɗamararsa, kullum yana kukan tashin zuciya, ko warin soyayyen kifi ba ya so. Gethin kuwa lafiyarsa lau, ga ci kamar gara. Da yamma in ya sayo kifi da dankali, Eluned takan tura masa nata.

"Cinye, na ci a shago."

Yakan cinye ɗin, sannan ya zauna yana jin haushin kansa.

Ya rubuta wa asibitin kukansa. Nan da nan suka amsa da daɗin baki, wai wani jikin taurin kai gare shi, za a ƙara ƙarfin maganin. Aka ƙara. Wata ya zagayo aka sake ƙarawa. Da aka zo matakin ƙarshe suka ɗan ja baya, shi kuma ya dage da magiya, ya ba su labarin gwiwarsa da aikinsa da tarin shekarun da ya yi a kan sitiyari. Suka yarda.

Rani ya shigo, ma'auni na nan inda yake. Wata rana a tashar ƙarshe, bayan fasinja sun watse, ya kifa kai a kan sitiyari ya yi kuka. Abin da ya yi wa kowa aiki ya ƙi shi, bai kuma san me ya rage ya gwada ba. A gida ya tarar da Eluned cikin tsohuwar rigar sanyinsa, ana wannan zafi. Ya tsokane ta da cewa tsufa ya kama ta kafin shi, ta yi murmushi ta haye sama.

Ranar Talata aka kira shi yana tsakiyar hanya. Eluned ta yanke jiki ta faɗi a shago, almakashi a hannunta.

A gadon asibiti ya riƙe hannunta, yatsunsa biyu suka zagaye wuyan hannun har da saura. Ya rasa yaushe ta zama haka, a gida ɗaya da shi.

Likitar ta ce ƙodarta ta taɓu, saboda ta daɗe tana amai a ɓoye, ruwan jikinta ya ƙare. Sannan ta tambaya ko akwai mai yin allurar rage ƙiba a gidansu.

"Ni ne," in ji Gethin. "Har an kai ni mafi ƙarfi. Amma ni ba ta yi mini komai ba."

Likitar ta dube shi. Ta sa hannu ta ɗage gefen rigar Eluned.

Kewaye da cibiyarta tabon allura ne a jere, na duk Lahadin da ya rufe ido.