Hoton da Bai Bi Saƙo Ba

Dakata tukuna, Malama Tasalla, ɗage hannunki daga kan linzamin kwamfutar nan. Na ga kina sauri ki tura saƙon kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Saurari misali ɗaya, sannan ki yi yadda kika ga dama.

An yi wani ma'aikacin awon kaya a wata tashar jiragen ruwa can kudu, nesa da garinsu. Mahaifiyarsa ta rasu tun yana goye, don haka ya girma har gemunsa ya fara furfura bai san fuskarta ba. Wata rana imel ya shigo kwamfutar ofishinsa daga ɗan wani tsohon mai hoto na garinsu. Mutumin yana share shagon marigayi mahaifinsa ne ya tarar da tsofaffin hotuna cikin adaka, gara ta fara cin gefensu. Sai ya kwafe su ya ɗora a wani shafinsa na intanet, ya jero su cikin saƙo, ya aika wa 'yan garin da ke nesa ko wani zai gane nasa. A ciki akwai hoton wasu mata a bakin rijiya. Ɗaya ta juyo tana dariya, tulu a kanta, ga wushirya, hasken hantsi ya kwanta mata a kunci. Ma'aikacin bai san dalili ba, ya dai kasa wuce hoton nan. Ya tura wa yayarsa, ba a jima ba ta kira shi, ta ce, "Inna ce. Wallahi Inna ce."

Daga ranar nan ya daina fita cin abincin rana. Abokan aiki na watsewa sai ya buɗe saƙon, ya ja kujera, ya zuba tagumi. Fanka na juyawa a hankali, jirage na kuka can nesa a kan ruwa, shi kuwa yana bakin rijiya. Yakan ji ƙarar guga yana bugun ruwa, ya ji sanyin laka a tafin ƙafa, har ya ga kamar gefen zanenta yana motsi, kamar yanzu za ta sauke tulun ta kira shi da sunan da bai taɓa jin ta kira shi ba. Dattijo da jikoki, amma a sa'ar nan yaro ne mai jiran a ɗauke shi. Don murna ya shiga rabon hoton. Ya tura wa kawunsa, ya tura wa 'ya'yansa, ya tura wa kansa ma a wani adireshin. Duk sa'ad da zai tura, manhajar imel ɗin takan tambaye shi ko a haɗa hoton a jikin saƙon, ko a bar shi yadda ya zo. Haɗawar tana cin lokaci, don intanet ɗin ofishin tafiyar hawainiya yake yi, shi kuwa ga shi yana ganin hoton ɓaro-ɓaro, sai ya zaɓi mai sauƙin. Wata abokiyar aikinsa ta taɓa ce masa ya sauke hoton ya adana, ko ya kai a wanke masa a takarda. Ya yi murmushi ya ce ai yanzu Inna tana gidan kowa, ina za ta?

Abin da bai gane ba shi ne hoton bai taɓa shiga saƙon ba. Yana can zaune a shafin ɗan mai hoto, saƙon kuwa taga ce kawai da ake leƙensa ta ciki. Duk turawar da ya yi, tagogi ya yi ta ƙarawa, ɗakin kuwa ɗaya ne, kuma ba nasa ba. Da damina ta yi nisa, aka yi wani ruwa da ya rufta rufin tsohon shagon, adaka da kwamfuta duk suka tafi cikin laka. Ɗan mai hoto ya karaya, ya bar shafin ya mutu. Ran nan da rana ma'aikacin ya ja kujerarsa kamar kullum, ya buɗe saƙon, sai ya tarar da farin fili mai kusurwa huɗu, da wata 'yar alama a lungunsa. Ya rufe ya sake buɗewa. Ya duba ɗaya adireshin, haka. Ya kira yayarsa, ya kira kawu, ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya, kowa farin filin nan yake gani. Sai ya runtse ido don ya kirawo fuskar daga zuciyarsa. Tulun ya zo, igiyar guga ta zo, wushiryar ma ta zo tana yawo ita kaɗai, amma fuskar ta ƙi haɗuwa, don bai taɓa wahalar da kansa ya haddace abin da yake zaton yana hannunsa ba. Ni dai duk lokacin da na tuna mutumin nan sai tausayi ya kama ni: sau biyu ya yi maraici, na biyun da furfura.

To, in hoto yana da daraja a wurinki, sauke shi tukuna ya kwana a kwamfutarki, ki haɗa shi da hannunki a jikin saƙon, sannan ki tambayi wanda kika aika wa abin da ya iso masa. Kada idonki ya ruɗe ki don kina ganinsa a gabanki. Hausawa sun riga sun faɗa: hangen Dala ba shiga birni ba ne.