Turakun da Na Tsige

Masinjan ƙaramar hukuma ya jingine kekensa a ƙofar gidana. Ya ce, "Baba Maikano, gobe ana nemanka a majalisa, a Birnin Kudu."

Na san abin da na yi. Watan jiya ma'aikata sun kafa jajayen turaku huɗu a bakin gonata, daf da gidana a Yalwan Damai. Mutane suka ce hanyar mota ce za ta cinye gonar. Ban tambayi kowa ba. Na tsige su, na kafa a filin wani ɗan garinmu, Iliyasu, can ƙarshen gari.

Shekara saba'in ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Yanzu ga gidan yari. Na yi wa matata Hajjo wasiyya, na hau mota.

Kansiloli sun cika benci. Na tsaya a gabansu.

Ciyaman ya ce, "Baba, ka yi haƙuri. Majalisa ta yanke a haƙa rijiyar siminti a ƙofarka, saboda girmanka. Wani maras kunya ya sauya wa turakun rijiyar wuri. Takardar awo ta riga ta tafi Kano da sunan filin Iliyasu, ba ta gyaruwa. Faɗi wanda kake zargi, yau zai kwana a kulle."

Na ce, "Ranka ya daɗe, a bar shi da Allah."

Kansiloli suka yi ta kabbara, suna cewa dattijo ke nan.