Gishirin Mai Tuwo-tuwo

Tunda ka ce aikin nan ba wanda zai koya maka, zauna ka ji. An yi wata mai tuwo-tuwo a Sakkwato, wadda ta tsufa a bakin murhu har gwiwoyinta suka gaji. Ɗanta ya zo mata daga Legas da akwatin gilashi, da wasu 'yan kifayen teku guda biyu a ciki, masu launin ruwan lemo da farin ratsi, waɗanda ba sa rayuwa sai a ruwan gishiri. Da aiki ya kira shi nesa, sai ya bar mata su amana, da buhun gishirinsu. Ya fara cewa, "Inna, in kin ga ruwan ya ragu..." Ta katse shi: "Ni za ka koya wa gishiri? Kama hanyarka, Allah ya tsare." Ya kira a waya zai ƙarasa, nan ma ta ce ta ji.

Bazara ta shigo, ruwan ya riƙa ja baya. Kullum sai ta dama gishiri a ruwa ta cika akwatin, tunda ai 'yan ruwan gishiri ne. Ta wahala, baiwar Allah. A ɗauke wuta, ta zauna tana yi wa gilashi fifita. Ta aika a sayo ƙanƙara, ta ciccibi bokiti bayanta na ƙara. Ba kifin take so ba, so take ɗanta ya dawo ya tarar da amanarsa da rai. Amma kifayen suka daina cin abinci, suka lafe a ƙasa suna haki. Ita kuwa ta ɗauka kewar teku ce, ta ƙara musu gishiri. Wata safiya ta tarar da su sun juya ciki sama. Ta tsoma yatsa ta ɗanɗana, yadda ta saba yi wa tukunya, ta ji gishiri ya yi mugun yawa, sai ta zauna daɓas a ƙasa. Miyar da ta ƙafe a wuta, ruwa ake ƙara mata, domin ruwa ne ke tashi, gishiri yana nan inda yake. Ta san haka tun tana budurwa, kuma abin da yaron ya so ya faɗa mata ke nan. Ranar da ya dawo ta kasa haɗa ido da shi, sai busasshen gilashi ta nuna masa.

Shi ya sa Hausawa suka ce, in ka ƙi ji, ba ka ƙi gani ba.