Dagacin da Ya Ɗaga Gyaran Kwalbati Zuwa Baɗi

Tunda kai ma yanzu an ɗora maka hidimar jama'a, saurari abin da ya sami wani dagaci a wani ƙaramin ƙauye na bayan rafi. Hanyar mota ɗaya ce tak ta haɗa ƙauyen da gari, ita ma sai ta bi ta kan wani tsohon kwalbati. Al'adar mutanen wurin ita ce, da zarar an gama kaka, sanyi ya sauko, ruwan rafi ya janye, sai a karɓo ɗan kason da ƙaramar hukuma ke ba su, a sayi siminti da tsakuwa, a yi gayya a toshe duk inda damina ta ci. To, wata shekara kason ya zo a tsuke, ga kuma matasa da masu tireda sun daɗe suna ƙorafin duhun bakin kasuwa. Ƙauyukan da ke maƙwabtaka da su duk sun kafa fitilu masu aiki da hasken rana, har ana yi musu ba'a a wurin biki. Abin da ya zo kuwa ba zai ɗauki aiki biyu ba.

Dagacin nan ba sakarai ba ne, ba kuma maciyin amana ba. Da kansa ya naɗe riga wata safiya ya gangara ƙarƙashin kwalbatin, yashi na cizon tafin ƙafarsa don sanyi. Ya ga tsaga ta taso daga gindi har sama. Ya zura hannu, hannun ya shige har ya taɓo rodi, tsatsa ta zubo masa a yatsu. Ya daɗe a tsugune. Amma rafin a bushe yake ƙayau, awaki ma na kwance a cikinsa suna tuƙa, kuma mai jin ɗari da wuya ya tuna da marka. Ya ce a ransa, abin da ya jure shekara da shekaru ai zai jure guda ɗaya. Bai faɗa wa kowa abin da ya gani ba. Ranar taro da ya ce a kafa fitilu, wuri ya ɗauki tafi. Ƙanensa ne kaɗai, wani manomi marar yawan magana, ya tambaye shi a hanyar gida, "Yaya, kwalbatin fa?" Ya ce, "Baɗi, in Allah ya kai mu." Aka kafa fitilu, kasuwa ta yi kyau, ya sha yabo har ya fara mantawa.

Damina ta sauka da albarka. A tsakiyar marka aka wuni ana ruwa, rafi ya kawo, kwalbatin ya rufta ba kowa a kansa. Motar taki ta zo bakin wurin ta juya. Tattasai ya ruɓe a buhu, masu kai nono gari suka zauna a gida. Duk wannan mai sauƙi ne. Wata rana da hantsi ƙanen nan nasa yana maimai a gonar dawa, gamsheƙa ta sare shi a ƙafa. Makarin dafi yana asibitin gari, tafiyar da a da mai babur kan yi kafin shayi ya huce. Aka ɗauko shi a mota, motar ta tsaya a bakin ɓaraka, jan ruwa na wucewa da itatuwa. Gwanayen iyo suka duba suka girgiza kai. Dole aka mayar da shi kan amalanke aka bi zagaye ta cikin laka, shanu na nutsewa ana turawa. Dagaci na zaune ya ɗora kan ɗan'uwansa a cinya, yana jin numfashinsa na ja da baya, yana yi masa kalmar shahada. Kafin la'asar ƙanen ya cika, ba su ko kai kan kwalta ba.

A zaman makoki babu wanda ya ɗora wa dagacin laifi. Kowa cewa yake kwana ya ƙare, kuma ai gari ne duka ya nemi fitilu. Shi ma ya yarda ajali ba ya jira. Amma wannan rashin zargin shi ya fi ƙona masa rai, domin sauran jama'a ba su sani ba ne suka yi tafi, shi kuwa ya gani da idonsa ya yi shiru. Da sanyi ya sake saukowa ya kira gayya. Yanzu ba maganar toshe tsaga ake ba, sai dai a tono daga tushe, kaso kuwa ko harsashi bai isa ba. Ya sayar da shanun nomansa, ya ajiye rawani, ya shiga layi yana ɗaukar dutse a ka kamar kowa. Matar marigayin kan kawo wa masu aiki kunu da rana. Duk lokacin da ta miƙa masa ludayi, karɓa yake kansa a ƙasa. Ya yi tsawon rai bayan haka, bai ƙara ɗaga gyara ko sau ɗaya ba, amma gyaran bai mayar wa 'ya'yan ƙanensa da ubansu ba.

Shi ya sa magabata suka ce: da-na-sani ƙeya ce, a baya take.