Ranar da Wazza Ya Kwantar da Teku

Na rantse da allon da nake hawan raƙuman teku da shi, wanda na fi ƙauna a kan wasu dangina, ba za ku yarda da wannan labari ba. Ni ma da ban gani da idona ba, da na ce Wazza ne ya ƙaga shi, don a fagen tsiya ni kaɗai ne gabansa a duk Burrindi.

Wazza Tuckwell, wanda uwarsa kaɗai ke kira Warrick, shi ke karanta labarin teku a ƙaramin gidan rediyon garinmu kowace safiya: girman raƙuman ruwa, inda iska ta dosa, lokacin cikar ruwa da na janyewarsa. Aikin sa-kai ne, amma ya san inda yake cin ladansa. Duk ranar da teku za ta yi daɗin hawa, sai ya kwantar da murya ya ce babu komai, kowa ya tafi bakin ruwan Gunnamar, can nesa bayan tsauni. Shi kuma ya gangara ya ci bikinsa shi kaɗai.

Wata Talata a tsakiyar sanyi, komai ya haɗu. Guguwa ta turo manyan raƙuma daga kudu, iska za ta buso daga tudu ta goge musu fuska, ruwa kuma zai fara dawowa kan yashi da hantsi. Wazza ya ɗaure allonsa a kan mota, ya shiga ɗakin watsa shiri yana lasar leɓe.

"Jama'ar Burrindi, ku koma bargo. Teku yau kwance take kamar shayi a kofi. Mai ƙaiƙayin ƙafa ya gwada Gunnamar."

Bai gama ajiye takarda ba wayarsa ta yi ƙara. Brodie ne, mai gyaran famfo.

"Kai, Wazza, yanzu na wuce tsohuwarka, ta gangara bakin ruwa da tawul. Wai ɗanta ya ce teku kwance take."

 Uwarsa, Gwaggo Noelene, ta haura saba'in, ga ƙarfen da likita ya sa mata a ƙugu. Ba ta iyo sai ranar da ruwa ya lafa, ta bar karenta Digger yana gadin tawul. Lokacin sanyi kuwa masu ceto ba sa zuwa su kafa tuta su tsare masu iyo.

"Na kira masu ceton, suna nesa," in ji Brodie. "Ni ma na kama hanyar Gunnamar. Yi gudu!"

Ya fito a guje, ya tarar da saman mota wayam. Igiya na lilo, babu allo. Ya zagi ɓarayi har kakanninsu, ya taka mota.

A bakin ruwa ga tawul an ninke tsaf, ga takalmanta a jere. Babu Gwaggo, babu kare, babu ko mutum ɗaya a duk tsawon yashin nan, don shi da bakinsa ya kore su. Raƙuma na tasowa kamar katanga, suna faɗuwa da ƙarar da ake ji har a haƙori. Daidai gaban tawul ɗin kuma ga wani baƙin layi a cikin kumfa, irin magudanar da ke jan mutum ta kai shi tsakiyar teku.

"Mama! Mama!"

Ya faɗa ruwa da kayansa. Raƙumi ɗaya ya naɗe shi ya tofar a yashi. Ya sake komawa, aka sake tofo shi, baki cike da gishiri. Ba tare da allo ba, ko layin farko na raƙuman ba zai ƙetare ba.

Ya rarrafa inda ya yar da waya, ya kira gidan rediyo. "Ku sa ni a iska! Yanzu!"

Duk garin ya ji shi yana kuka. "Ƙarya na yi! Teku ba kwance take ba, rabon da ta yi kyau haka an daɗe. Kullum ƙarya nake muku, tun bara, tun bara waccan! Don Allah duk mai allo ya juyo, uwata na cikin ruwa!"

Kafin ya share majina, motoci sun cika bayan tudu. Maza da mata suka kwararo, kowa ya riga ya sa rigar roba ta shiga ruwa, allo ya sha kakin zuma don kada ƙafa ta zame. Brodie ne a gaba. Wazza ya nuna musu baƙin layin, suka wuce shi a guje suka bi ta nan, suka ƙetare kumfa.

Sai ya ga Brodie ya juya allo ya miƙe tsaye a kan wani ƙaton raƙumi, yana ihun daɗi. Wata ta bi bayansa. Wani ya bi nata.

"Me kuke yi? Marasa imani! Ku nemo ta!"

Babu wanda ya waiwayo. Wazza ya zube a gwiwa ya rungume tawul.

Daga bayansa kare ya yi haushi.

"Ajiye min tawul, Warrick, za ka sa masa majina. Tun kana goye nake gane ƙaryarka. In na ga allo a kan motarka, ko yatsa ba na tsoma wa ruwa. Ni na sa Brodie ya kira ka. Zo ka zauna ka yi kallo, kai da teku sai sanyi ya wuce."

Ya ɗaga kai, ga Gwaggo Noelene a saman tudu, gashi a bushe, kofin shayi a hannu, ta harɗe ƙafa a kan allon da ta aike ni in kwanto mata daga saman motarsa.